Mijin Hajiya a Ajin Lissafi

Na haifi ɗa, aka yaye shi, Hajiya ta ɗauke shi. Babu wanda ya tambaye ni, ni ma kuma ban ga abin tambaya ba, don haka aka yi wa yayana, haka aka yi wa mijina. Ɗan fari na kaka ne. Hajiya uwar mijina ce, kuma tun ranar suna take kiran yaron mijinta, har abin ya bi shi, gida da waje aka koma cewa mijin Hajiya. Wannan laƙabi ya yi mini rana, domin ni ba na faɗin sunansa na yanka. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na yabonsa, in ya faɗi ina kallo sai dai wata ta ɗaga shi. Shi kuma da ya buɗe baki ya ji 'yan gidan suna ce mini Anti, sai ya bi sahu. Har yau Anti yake ce mini.

Ƙawayena sun sha yi mini tsiya, wai malama guda mai digiri amma tana kunyar ɗanta kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Na bar su da surutunsu. Abin a harshe yake, karatu bai kai can ba. Ko ni kaɗai ce a ɗaki, in na buɗe baki zan kira sunan sai in ji harshena ya yi nauyi.

A 2016 mijina ya samu aiki a wani kamfanin jigilar kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, can Dubai. Bayan 'yan watanni ni ma na samu koyar da lissafi a wata makaranta ta masu matsakaicin hali, mai cike da 'ya'yan Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa da 'yan Sudan. Muka bar Kano da ƙannen yaron mata biyu. Sau ɗaya mijina ya gwada taɓo maganar tafiya da yaron, Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa ta ce, "Ku kwashi kowa, ku bar mini mijina." Maganar ke nan. Yana ɗan shekara goma a lokacin, ya rako mu har bakin mota riƙe da jakar ƙaramarsu, na ce masa ya riƙa jin magana, ya ce to.

Muka zauna a unguwar Al Muraqqabat, a wani fulat da muka raba da wasu 'yan Sudan, ɗaki biyu namu, kicin na kowa. Duk Juma'a mukan kira gida. Hajiya za ta yi ta ba da labari, wa ya haihu, wa ya rasu, sannan ta ce, "Ga mijina." Sai in ji muryarsa: "Ina wuni, Anti." In ce lafiya lau, ya karatu. Ya ce alhamdu lillahi. Daga nan sai shiru, ina jin numfashinsa yana jin nawa, har in ce, "To, ba Hajiya." Ƙannensa kuwa su ƙwace wayar su yi ta zuba da shi suna ƙyalƙyala dariya, ni ina kicin ina wanke kwanon da na riga na wanke. Tsorona ɗaya ne a shekarun nan, kuma da shi nake tashi kullum: yaron nan zai girma ya zama mutum ban san shi ba, shi ma bai san ni ba.

Makarantar da na faɗa babu alli a cikinta. Allon ma wani ƙaton gilashi ne kamar talabijin, da yatsa ake rubutu a kai. Ni da na shekara da shekaru ina shaƙar garin alli, ranar farko na ɗora tafin hannu zan goge kuskure sai shafin gaba ɗaya ya zame ya gudu, yara suka ɗauki ihu, "Mis! Mis!" Na sha mur. Wanda ya cece ni shi ne mai kula da na'urorin makarantar, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna, dogo mai yawan dariya. Yana shigowa ya dube ni ya ce da Hausa, "Malama, sannu da fama. Allon nan ba ya son a mare shi, lallaɓa shi ake yi." Wallahi kamar in rungume Hausar nan. Tun daga ranar nake ce masa Injiniya.

Shi ya koya mini manhajar da makarantar ke aiki da ita. Kowane yaro yana da kwamfutar hannu, yana kuma da shafinsa. In tura aiki, ya rubuta da hannunsa a kan gilashin, layi bayan layi, ya dawo mini da shi. A ƙasa akwai wani ɗan akwati inda malami zai rubuta abin da ya ga dama, yaro ya ba shi amsa. Babu mai gani sai su biyu. Da farko na raina abin, na ce wasan yara ne aka sa wa tsada. Sai na lura yaran da ba sa taɓa ɗaga hannu a aji su ne suka fi cika akwatin nan da tambaya. Wata yarinya 'yar Sudan da na ɗauka bebiya ce ashe bakinta a yatsa yake.

A Dubai aikin uba yana ƙarewa biza ta ƙare, yaro ya ɓace daga aji ba sallama. A tsakiyar shekarata ta biyu haka ta faru da wani ɗan Misira. Injiniya ya zo ɗakin malamai zai cire shafinsa, sai ya tsaya.

"Malama, gurbin nan an riga an biya shi har ƙarshen shekara, zai zauna ne a banza. Ba ki da wani yaro a gida?"

Na ce akwai wani.

"Yalla, taso mu tambayi madam."

Shugabar makarantar, wata dattijuwar Ba'indiya, ta saurare mu, ta ɗaga kafaɗa ta ce in dai ba za a sa makinsa cikin na aji ba, ba ruwanta. Muka dawo, Injiniya ya ja kujera ya ɗora yatsu a kan madannai.

"Sunansa?"

Na gyara mayafi, na dubi taga.

Ya ɗago ya kalle ni, sai ya fashe da dariya. "Kai, Malama! Ɗan fari ne? Har Dubai kika taho da kunyar?" Bai jira amsa ba ya juyo mini da madannan, ya juya baya kamar mai ba wa mace wuri ta sa kaya. Da yatsa ɗaya na danna haruffan. Da na ga sunan a rubuce cikin jerin yaran ajina, tsakanin wani ɗan Pakistan da wata 'yar Indiya, na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Wani abokin mijina mai zuwa saro kaya ya kai masa tsohuwar kwamfutar hannu. Hajiya ta kafa sharaɗi: ban da kallon banza. Don haka Injiniya ya kulle komai a cikinta sai manhajar kaɗai. Ƙanin mijina, wanda ke zaune a gidan da matarsa, shi ke jona masa intanet daga wayarsa in ya dawo kasuwa.

Aikinsa na farko a jirgin metro na buɗe shi, da safiyar wata Lahadi, don a lokacin Lahadi ce farkon makon aiki a can. Ina tsaye a taragon mata daga tashar Al Rigga, hannu ɗaya a ƙarfe. Ban taɓa ganin rubutun ɗana ba sai ranar. Yana danna alƙalami da ƙarfi. Bakwai ɗinsa yana da ɗamara a tsakiya irin na ubansa, huɗunsa kuma a buɗe yake a sama irin nawa, kuma babu wanda ya koya masa nawa. Ya ci duka sai ɗaya. Na rubuta a akwatin, "Sake duba na ƙarshe." Washegari ya gyara, a ƙasa ya sa, "Na gode, Malama."

Malama. Yaron nan ya fi ni wayo. Ya gane tun kafin ni in gane cewa Anti ce ke jin kunya, malama kuwa aikinta ne ta yi magana da ɗalibinta.

A cikin lissafi na san shi. Na san in ya tabbata da amsa gaggawa yake yi, ya tsallake layi, ya faɗi a inda ba wuya. Na san ba ya son a nuna masa hanya, ya fi son a ce masa ba daidai ba ne a bar shi ya nema, taurin kan gidanmu sak. In ya kwana biyu bai bayyana ba na san ba wuta. In rubutun ya karkace ya yi ƙanana na san zazzaɓi ne, kuma ranar Juma'a Hajiya za ta tabbatar mini ba tare da na tambaya ba. Kalmomina ba su da yawa. Daidai. Sake duba. Ka rage gaggawa. Ranar da ya warware wani lissafi da ya gagari duk ajina na rubuta "Madalla", na goge, na sake rubutawa, ina cikin wannan fama jirgi ya wuce da ni tashar da zan sauka. Na makara, madam ta yi mini kallon agogo, ko a jikina.

A hankali ya fara saƙala labari a ƙarƙashin amsa. An kawo wuta yau. Akuyar Hajiya ta haifi biyu. Na zo na biyu a ajinmu. Ni kuma sai in shirya masa lissafi na musamman, na akuya da dusa da kuɗin mota zuwa Kurmi, abin da in na ba yaran ajina sai sun tambaye ni mece ce dusa. Wata rana ya rubuto, "Malama, ana ganin teku daga ajinku?" Na ce a'a, bangon wani sito ake gani da injinan sanyaya ɗaki. Ya zana mini fuska mai dariya da hannunsa, kunnuwa manya-manya. Wata rana kuma ya ce, "Ƙafar Hajiya tana ciwo amma ta ce kar a faɗa." Na gaya wa mijina, ya aika a kai ta asibiti, ta yi ta faɗa tana neman wanda ya kai tsegumi.

Da shekara ta ƙare Injiniya ya sake samo masa gurbi, don ba a rasa yaron da ya tafi. Da muka je hutun bazara na ɗauka wani abu zai canja. Ina! Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Anti, sannu da zuwa." Na ce yawwa, ya karatu. Muka yi makonni a gida ɗaya muna kewaye juna. Sai ranar komawa, yana sa akwatina a bayan mota, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon taya, "Akwai wanda ban gama ba, zan turo." Na ce wa tayar, "A rage gaggawa dai." Na ga gefen bakinsa ya motsa. Wannan ya ishe ni guzuri har Dubai.

A farkon zangon 2019 aka tara mu a babban ɗakin taro. Wani saurayi mai kwat da ƙamshin turare ya tsaya gaban majigi ya ce an kawo mana sabuwar manhaja, mai tunani da kanta. Ita za ta zaɓa wa kowane yaro aiki daidai ƙarfinsa, ita za ta duba, ita za ta ba da maki nan take. Yaro ba sai ya rubuta komai ba, amsoshi za a jera masa ya taɓa ɗaya. Malami kuwa zai ga sunayen yaransa da launi a gaban kowanne: kore mai ƙoƙari, rawaya mai rauni, ja wanda ya daina. Malamai suka yi tafi, kuma ban ga laifinsu ba, wasu suna duba aikin aji biyar. Ni na ɗaga hannu na ce a ina malami zai rubuta wa yaro magana. Ya yi mini murmushin masu talla ya ce, "Ba sai kin wahala ba, Mis. An ɗauke miki." Aka jera mu a jikin bango aka ɗauki hoton kowa, wai na shafin malami.

Na bi Injiniya har ɗan ɗakinsa mai cike da wayoyi.

"Injiniya, akwatin fa?"

"Babu shi a wannan, Malama."

"To a bar mini tsohuwar, ni kaɗai. Yaro ɗaya ne."

"Khalas, shi ke nan, sun rufe ta. Kwangila ta ƙare. Wallahi da da hanya da na yi miki, kin sani." Yau babu dariya a fuskarsa. "Gurbinsa dai na roƙi madam, na maido shi cikin sabuwar. Abin da na iya ke nan."

Na ce tsofaffin shafukan fa, rubutunsa, akuyar, fuskar mai kunnuwa. Ya girgiza kai. Ban taɓa tunanin in adana ko ɗaya ba, don na ɗauka abin da ke cikin na'ura ba ya ɓata.

Gaskiya sabuwar ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Da kallo ɗaya nakan san su wa suka kasa gane kashi cikin ɗari, in ware su gefe in sake musu bayani. Sakamakon ajina ya ɗaga. Amma ni ta toshe mini ƙofa ɗaya tilo da nake da ita.

Na gwada wata hanya. Na rubuta lissafi a takarda, na ɗauki hoto na tura wayar matar ƙanin mijina, na ce a nuna wa yaron. A tsakar gida ta karanta shi da ƙarfi. Da yamma ga saƙon murya, mata suna shewa a bayanta: "Yaya, ashe kunyar a jirgi kika baro ta? Yau uwar ɗa ce da aiko wa ɗa wasiƙa! Hajiya ta ce a gaya miki mijinta ba ya karɓar saƙon 'yan mata." Wasa suke yi, babu mugunta a ciki. Amma na san yana wurin yana ji, na kuma san yadda kunnuwansa za su yi zafi, don nawa ma sun yi. Ban sake ba.

Sai ya rage mini launi. Kowace safiya a metro in buɗe jerin, in wuce yaran da aka ba ni amana in gangara wurin sunansa. Kore. In rufe. Ban san ko ya tsallake layi ba, ban san ko an kawo wuta ba, ban san ko akuyar tana nan ba. Na dai san yana raye kuma yana taɓa amsa daidai.

Da korona ta zo aka rufe makarantu, aji ya koma cikin ɗakin kwanana. Na jingina kwamfuta a kan akwati, yara suka zama ƙananan fuskoki a gilashi, wannan ya daskare baki buɗe, wancan uwarsa tana soya albasa a bayansa. 'Ya'yana biyu suna ɗaya kusurwar da nasu darasin, maƙwabtanmu 'yan Sudan suna nasu a falo, mijina kuwa bai fasa fita ba don tashar jiragen ruwa ba ta tsaya ba. Kaina ya yi zafi a watannin nan, na yi wa yaran mutane tsawa fiye da kima. A Kano ma an rufe makarantu, amma korensa bai gushe ba. Shi nake kallo in samu sanyi.

Sai wani mako ya koma rawaya. Na ce wuta ce. Kafin Juma'a ya zama ja, ranar kuma aka kira mijina aka ce jikin Hajiya ya yi tsanani. Ba ta kai mako ba ta cika. Babu jirgi, babu hanya. Mijina ya zauna a bakin gado da waya a kunne yana jin ana shirin fita da uwarsa, 'yan uwa Hausawa na unguwar Deira suka yi ta kira suna ta'aziyya don ba halin a taru. Da aka ba ni yaron a waya, gidan cike da mutane ta can, nan ma 'yan Sudan suna tsaye a kaina. Matar da ta goya shi, ta yi masa tsarki, ta kwana da shi a ɗaki ɗaya tun yana ɗan yaye, ita ce aka binne da safe.

Na ce, "Ya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya, Anti."

Na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin. Muka yi shirun nan namu, sai dai yau babu Hajiyar da zan ce a ba wa. Wani ya karɓi wayar.

Ya daɗe a ja. Ina buɗewa ina rufewa kamar mai duba miki. Ranar da na ga ya dawo rawaya, sannan kore, na yi hamdala, na kuma yi kuka, don ban san me ya tashe shi ba, ban san wa ya lallashe shi ba.

A 2021 makarantar ta tsaurara, aka ce gurbi sai ɗalibin da ke cikin rajista. Madam ta yi ritaya, Injiniya ma kwangilarsa ta ƙare yana haɗa kaya. Da kansa ya zo ya gaya mini, bai bari na gani a allo ba. "Malama, yau zan cire mutumin naki. Ki yi haƙuri." Na ce ya yi abin da ya fi ƙarfin godiya. Washegari jerin ya ƙare a kan wata 'yar Indiya.

Sai ƙarshen shekarar muka samu jirgi muka je gida. Na tarar da saurayi ya fi ni tsawo, murya ta fashe, gashin baki ya fara tsirowa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. An bar masa ɗakin Hajiya, gadonta na ƙarfe yana nan, samirunta a jere a saman kabad. Kwana biyu da zuwanmu, bayan azahar, ina zaune a ɗakin ni kaɗai, ya yi sallama ya ajiye kwamfutar hannun a gefen tabarma. Gilashin ya tsage ta kusurwa, an ɗaure caja da zaren roba.

"Anti, ga wannan. Tunda an rufe, ko su ƙanne za su yi amfani da ita."

Ya fita. Na kunna don in ga ko tana aiki. Manhajar ta ƙi buɗewa, sai na shiga wurin hotuna, wanda ashe Injiniya bai kulle ba, ina zaton ba komai. Cike yake. Duk hotunan allo ne da ya riƙa ɗauka yana ajiyewa, kuma a kowanne ga fuskata, hoton nan da aka ɗauke mu a jikin bango, da sunana a ƙasa. A gefen fuskar, cikin wani farin kumfa kamar ina magana, ga rubutu da Turanci.

"Ina alfahari da kai."

"Ka burge ni yau!"

"Na san za ka iya. Kada ka karaya."

Ashe abin da saurayin mai kwat yake nufi ke nan da an ɗauke mini. Ni launi nake gani, yara kuwa ni suke gani ina yi musu magana. Ban taɓa leƙa manhajar ta ɓangaren ɗalibi ba, yaran ajina kuma ba su taɓa faɗa ba, don su sun saba da irin wannan tun suna rarrafe. Na yi ta ja da yatsa har na iso makon da Hajiya ta rasu. Ga ni nan ina murmushi, mayafina a gyare: "Na yi kewarka kwana biyun nan! Dawo mu ci gaba." Wannan ma ya ajiye shi.

Shekara biyu na'ura tana ara bakina tana gaya wa ɗana abin da ni ban taɓa gaya masa ba, kuma irinsa take gaya wa kowane yaro a ajina. Na ji haushinta, na ji kishinta, na kuma ji tausayin yaron. Na yi tunanin in yi shiru in bar shi da abinsa. Amma na kasa. Duk abin da ke tsakanina da shi ɗan kaɗan ne, ba na so a ce rabinsa ma jabu ne.

Na leƙa tsakar gida, ba kowa sai shi yana gyara sarƙar keke. Na ce, "Kai, zo." Ya wanke hannu ya shigo ya durƙusa nesa da tabarmar. Na juya masa allon. Ya kalla sau ɗaya ya sunkuyar da kai, na ga ya so a ce ya goge su.

Na ce, "Waɗannan ba ni na rubuta ba. Na'urar ce take yi da kanta. Ni ban ma san tana yi ba sai yau."

Ya ce, "Ai na sani, Anti."

"Ka sani?"

"Tun farko-farko na gane. Maganganun ba su da yawa, juya su take yi." Ya murza yatsan da baƙin mai bai gama fita ba. "Kuma ke ba kya faɗin irin wannan."

Babu ƙorafi a muryarsa ko kaɗan. Ya faɗa ne kamar yadda zai ce mini gobe Talata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "To me ya sa ka ajiye?"

Bai ɗago kai ba ya ce:

"Da muryarki nake karantawa."

Ga shi nan a gabana, babu kowa a ɗakin, babu mai yi mana shewa. Duk abin da ke cikin kumfan nan gaskiya ne, na'urar ba ta yi mini ƙarya ko ɗaya ba, kuma Hausarsu tana nan a bakina, gajeru ne, ko yaro zai iya faɗa. Na buɗe baki. Aka fara kiran la'asar a masallacin unguwa, ya ɗago kaɗan yana jira, bai tashi ba. Ya ba ni lokaci, Allah ya sani ya ba ni.

Na ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin, Anti. Ya miƙe, ya ɗauki butar Hajiya a bakin ƙofa ya fita.